Ta yaya injiniya zai san abin da aka ci shekara miliyan 2 da suka wuce?

Ɗan_Bagalam: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga manyanmu, musamman masu aikin gine-gine da ma'aikatan lafiya. A darasin ƙarfin kayan gini malaminmu ya ce lissafin da muke koya don a san ko gada za ta ɗauki tirela, shi aka ɗauka aka gwada ƙoƙon kan wasu halittu da aka tono a Afirka ta Kudu da Tanzaniya, wai don a gano abincinsu. Ni dai abin bai shige ni ba. Ƙashi ne ya koma dutse, ba tsoka, ba harshe, ba tumbi. Ta ina kwamfuta za ta san abin da ya shiga bakin? Ilimi ne ko hasashe?

Injiniya_SuraBildi: Wa alaikumus salam ƙanena. Malaminku gaskiya ya faɗa maku, kuma hanyar ita ce wadda nake aiki da ita in za mu zuba rufin kankare mai faɗi. Asalinta daga masu ƙera fukafukan jirgin sama ne a shekarun 1950, wani malamin jami'a a Amurka, Ray Clough, ya raɗa mata suna finite element method a 1960. Abin da ba ka iya lissafa shi gaba ɗaya saboda siffarsa ta karkace, sai ka yanka shi gutsattsari ƙanana cikin kwamfuta, ka lissafa kowane gutsure, ka haɗa.

Da ƙoƙon kai ma haka ake yi. A saka shi a sikana irin ta asibiti, a fitar da siffarsa ciki da waje, a yanka ta gutsattsari dubu ɗaruruwa. Kowane gutsure a ba shi taurin ƙashi, wanda aka auna daga ƙashin birai na yanzu. Tsoka ta ruɓe tun tuni, amma inda ta manne tana barin shaida a jikin ƙashi, to nan ake ɗora ta, a ƙiyasta ƙarfinta daga na birai. Daga nan a ce wa kwamfuta: ciji da wannan haƙorin. Inda ƙashi ya sha wuya ya fito ja, inda ya huta ya fito shuɗi.

A 2009 David Strait da abokan aikinsa suka yi wa wani ƙoƙon kai haka, na halittar da ake kira Australopithecus africanus, wanda Robert Broom ya tono a kogon Sterkfontein na Afirka ta Kudu a 1947. Ba shi da haƙora ma, sai da suka aro na wani ɗan'uwansa suka dasa masa a kwamfuta. Suka ga akwai ginshiƙan ƙashi biyu, dama da hagu na hanci, waɗanda ke ɗauke nauyi daidai lokacin da aka ciza da ƙananan turame, na bayan fiƙa. Suka ce fuskar nan ta dace da fasa ƙwallo babba mai tauri, wanda girmansa ya hana shi wucewa can ƙuryar baki.

Ƴar_Mokoyo: Kenan kamar ƙwallon goriba ko na aduwa?

Injiniya_SuraBildi: Irin wannan girman dai, ƙanwata. Amma lissafin bai faɗi sunan itace ba.

Ɗan_Bagalam: Yaya Injiniya, na gode, amma ka ga nan damuwata take. Taurin ƙashi aro ne, ƙarfin tsoka aro ne, haƙora ma aro. Mene ne nasa a ciki in ba siffa ba?

Malama_Haƙori: @Ɗan_Bagalam tambayarka na kan hanya, kuma haƙoran kansu sun ƙi yarda da injiniyoyi a wani wuri. Ku bari in kawo wanda ya fi shahara. A 1959 Mary Leakey ta tono wani ƙoƙon kai a kwazazzabon Olduvai a Tanzaniya, shekarunsa wajen miliyan 1.8. Paranthropus boisei ake ce masa. Turamensa manya ne ƙwarai, farin ɓawon haƙorin mai kauri, muƙamuƙi jibgege, har da tozon ƙashi a tsakar kai inda tsokar tauna ke kamawa. Duk wanda ya gan shi cewa yake wannan mafasa ƙwallo ne, har laƙabin da aka yi masa kenan, aka yi shekara kusan 50 a kan haka.

Sai a 2008 Peter Ungar na jami'ar Arkansas ya duba saman haƙoran da na'urar da masana'antu ke auna santsin ƙarfe da ita. Abin da aka sani shi ne mai cin abu mai tauri haƙorinsa na yin ramuka-ramuka, mai cin ganye da ciyawa kuma nasa ƙarce ne sirara, dogaye. A bakin wannan bawan Allah ƙarce sirara aka samu, ramukan babu. To ga fuska tana cewa tauri, ga haƙori yana cewa a'a.

Sani_Kabukabu: Ikon Allah. Wato su ma masu binciken ba su daidaita ba.

Alhaji_Maradawa: Ku yi haƙuri in katse ku. Tun ɗazu nake karantawa raina bai kwanta ba. Mu dai mun san ubanmu Annabi Adamu ne, alaihis salam, Allah Ya halicce shi da ƙasa. Waɗannan da kuke lissafa wa shekaru miliyan-miliyan, kada yara su karanta su ɗauka daga biri muka fito. Ina jin tsoron inda maganar za ta kai mu.

Mushe_Lise: Alhaji, ranka ya daɗe, damuwarka abin girmamawa ce, ba wanda zai taɓa mana aƙida a nan. Amma ƙasusuwan nan akwai su, suna ajiye a Nairobi da Darussalam da Firitoriya, ana ɗaukar su da hannu. Halittun Allah ne da suka rayu suka ci suka mutu, suna tafiya da ƙafa biyu, ƙwaƙwalwarsu ba ta kai rabin tamu ba. Shi wannan Paranthropus ɗin ma, su masanan da kansu cewa suke reshe ne da ya ƙare bai bar baya ba. A Suratul Ankabut an umarce mu mu yi tafiya a ban ƙasa mu duba yadda Ya fara halitta. Ni a wannan matsayin nake koya wa ɗalibaina, kuma tambayar yaron nan kan abinci ce.

Alhaji_Maradawa: To Mushe, na ji. Ban ce na gamsu duka ba, amma ku ci gaba, ina saurare. A dai riƙa bambance abin da aka gani da ido da abin da aka zata.

Mushe_Lise: Wannan sharaɗin shi ne daidai, Alhaji. Bari in ƙara shaida ta uku, ta ɓangarenmu na kimiyyar sinadarai. Tsirrai ba hanya ɗaya suke kama iskar kabon ba. Itatuwa da wake da gyaɗa da shinkafa suna rukunin da ake kira C3. Gero da dawa da masara da yawancin ciyayin ƙasa mai zafi suna C4, kuma su sun fi tara kabon mai nauyi, kabon 13. Abin da yaro ya ci lokacin da haƙorinsa ke ginuwa yana shiga cikin ɓawon haƙorin ya zauna, shekara miliyan ba ta goge shi. Da za a auna mutumin Maradi da ya tashi da fura da tuwon gero, C4 zai rinjaya.

A 2011 Thure Cerling da abokansa suka auna haƙoran Paranthropus boisei daga Kenya, suka samu wajen kashi 77 cikin 100 na abincinsa daga C4 ne. Ƙwallayen itatuwa kuwa C3 ne. Kenan mai laƙabin fasa ƙwallo rayuwarsa a kan ciyawa ko danginta take.

Ƴar_Mokoyo: Ciyawa kamar saniya? Cikin mutum ai ba ya narkar da ita.

Mushe_Lise: Nan ne za ki yi mamaki. A 2014 wata masaniya a Oxford, Gabriele Macho, ta kawo shawarar cewa aya ce. Eh, ayar nan tamu da danginta na daji. Tsiron aya C4 ne, ƙwayarta na da sitaci da mai, tana son doguwar tauna, tana cin haƙori a hankali ba tare da ta fasa shi ba. Ta yi lissafinta ne da gwaggon birin Amboseli a Kenya, masu tonon irin wannan saiwa, ta ce cikin awa biyu da rabi zuwa uku halittar za ta iya tara kashi 80 cikin 100 na abin da jikinta ke buƙata a yini. Shawara ce, ba a rufe magana a kanta ba, amma ta haɗa shaidun fiye da sauran.

Manomi_Cadawa: Kai jama'a, yau ga magana ta iso gonata! Mushe, ni aya nika nomawa tun ina yaro, ubana ma ita ya noma. Abin da matar nan ta ce game da tauna gaskiya ne. Ɗanyar aya da anka tono yanzu tana da ruwa, yaro ma na cin ta. Amma in ta bushe ta yamutse, ka cika baki da ita, kahin ka haɗiye sai gefen kanka ya yi tsami, nan wajen kunne. Tukar ba ta ƙarewa, kana tauna tana nan. Kuma wanda bai taɓa tonon aya ba bai san ƙasa ba. Sai mun ƙone ganyen, mu tono, mu yi ta tankaɗe da rariya, ƙura ta rufe mutum har ba ka gane shi. Duk wankin da za ka yi mata sai ka ji ƙasa ta yi ƙaras a haƙori. Wanga halitta da ba ta da rariya ba ta da ƙwarya, ai rabin abincinta ƙasa ne.

Abu guda dai nika tambaya: ayar daji ƙanana ce ƙwarai, ba kamar wadda muka kai kasuwa ana lodi zuwa Najeriya ba. Awa uku ta ishe shi ya ƙoshi? Ni ina shakka.

Malama_Haƙori: Baba Manomi, batun ƙasar nan da ka kawo masana sun yi rigima a kansa sosai. A 2013 Peter Lucas, yana jami'ar Kuwait lokacin, ya ɗauki ƙwayar yashi guda ɗaya tak, ya goga a ɓawon haƙori da na'urar da ake gwada taurin kayan masana'anta. Yashin ya yanki haƙorin, amma ƴan duwatsun da ke cikin ganyen tsiro sai dai suka murza shi ba su yanka ba. Ya ce ashe yawancin ƙarcen da ake karantawa labarin ƙura yake bayarwa. Ungar da wasu injiniyoyi a Sin suka maido masa da amsa a 2015 cewa abu mai laushi ma yana cin haƙori. Har yau ana ja. Ni dai abin da nake gani a wurin aiki, tsofaffin da suka tashi da garin dutsen niƙa turamensu a shafe suke sumul, wani har ka hango rawayan ciki.

Hajiya_Zariya: Wallahi ƴata kin tuna mini da kakarmu. Ba ta yarda a ɗora tukunya sai an rairaye gero sau biyu a ƙwarya, tana cewa tsakuwa ɗaya ta isa ta raba mutum da haƙorinsa. Yaran yanzu an kai inji an dawo, ba ruwansu.

Sani_Kabukabu: Hajiya ai mu yanzu kwalbar lemo ke kashe mana haƙora, ba tsakuwa ba.

Malama_Haƙori: @Sani_Kabukabu don Allah ka daina, ka kuma hana na kusa da kai. Ɓawon haƙori shi ne mafi tauri a jikin mutum, amma ba ya tohuwa. In ya ɓalle ya tafi kenan. Har wannan ɓallewar ma masana ƙarfin gilas da tangaran sun yi mata lissafi: daga girman ɓallin da ke gefen haƙori suna ƙiyasta ƙarfin cizon da ya jawo shi, kuma an yi amfani da hakan a kan tsoffin haƙoran.

Injiniya_SuraBildi: Na ga an taru a kan injiniyoyi, bari in kare sana'ata. Lissafin bai taɓa cewa ga abin da aka ci ba. Abin da yake faɗa shi ne ga abin da wannan ƙashi zai iya ɗauka, ga wanda ba zai iya ba. Kuma @Ɗan_Bagalam, batun aro da ka yi: kafin su yarda da samfurin sai da aka gwada hanyar a kan biri mai rai, aka manna ma'aunin lanƙwasa a ƙashin fuskarsa yana tauna, aka kwatanta da abin da kwamfuta ta bayar. Kamar yadda muke fasa samfurin kankare a labo kafin mu amince da lissafin takarda. Sannan ana sauya alƙaluman aron, a ƙara a rage, a ga ko amsar za ta juya.

A 2015 an yi wa ƙoƙon Olduvai ɗin wannan lissafi, aka ga cizonsa da turame na da ƙarfi ƙwarai. Wannan ba ya rushewa don an sami C4. Kuma wani lokaci lissafin ne ke taka wa sauran burki. Akwai Australopithecus sediba, wanda wani yaro ɗan shekara 9, ɗan masanin nan Lee Berger, ya fara tsintar ƙashinsa a Malapa ta Afirka ta Kudu a 2008. Ƙarcen haƙoransa ya nuna abu mai tauri, a dattin da ya daskare a gindin haƙoran kuma aka sami ɓurɓushin ɓawon itace. Amma da Justin Ledogar ya yi lissafin a 2016, sai ya ga in ya ciza da turame da dukkan ƙarfinsa muƙamuƙinsa zai goce daga mahaɗa. To wannan iyaka ce ta jiki, ba ta ra'ayi ba.

Tsoho_Tibiri: Ɗiyana, ni ban yi lakwal ba, jikana ka karanta mini, shi ka rubuta abin da nika faɗi. Na ji kuna mamakin halitta ta sami haƙoran abu guda tana cin wani abu. Mi ne abin mamaki? A 1984 da 2005 mun ga mata sun shiga daji ɗibar anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita, sannan a ci. Mun ci jiga, wasu har ƙarangiya sunka sussuka. In ka zo gidana shekarar da damina ta yi kyau ka leƙa tukunya, ba ka ganin anza, sai ka ce mutanen ga ba su san ta ba. Alhali ba don ita ba da wasu gidaje sun rufe. Wataƙila haƙoran nan na ranar wuya ne, ba na kullum ba.

Mushe_Lise: Baba, Allah Ya ƙara girma. Abin da ka faɗa shi ne hujjar da Strait ya riƙe: abincin ranar wuya, wanda ba a ci sai an rasa na so, shi ke raba mai rayuwa da mai mutuwa, don haka jiki ke ginuwa a kansa. Kuma ƙarcen haƙori na kwanaki ne ko makonnin ƙarshe kafin mutuwa, sabo na goge tsoho. Sai dai masu ja da shi suna cewa: in haka ne, ai a lokacin wuya aka fi mutuwa, me ya sa cikin haƙoran Paranthropus boisei da aka duba ba a ci karo da masu ramukan ba? Suna kuma kawo wani biri na dajin Tai a Kodebuwa da ke fasa ƙwallo mai tsananin tauri kusan kullum, amma fuskarsa ba ta da waɗancan ginshiƙan.

Ɗalibar_Agro: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Yawancin sunayen da aka lissafa daga Amurka da Turai suke, ƙasusuwan kuwa na Afirka. Ga Cadi nan maƙwabciyarmu: a Koro Toro aka sami muƙamuƙin da ake kira Abel a 1995, shekarunsa wajen miliyan 3.5, kuma da aka auna haƙoran irinsa a 2012 su ma C4 ne ya rinjaya, a bakin tsohon tafki inda dangin aya ke fitowa. Ƙoƙon kan da ake kira Toumaï da aka samu a 2001, ɗan Cadi ne, Ahounta Djimdoumalbaye, ya fara ganinsa. Mu ma a Nijar muna da Gobero a hamadar Tenere, kaburbura wajen 200, duk da su mutane ne irinmu na shekara dubu 10 zuwa ƙasa, masu kamun kifi. Sikana akwai a ƙasar nan, masu lissafi akwai a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Me ya hana mu?

Sani_Kabukabu: Kuɗi da wuta, ƙanwata.

Hajiya_Zariya: Ni tambayata, yaushe aka fara daka da dahuwa? Don in da turmi da wuta ai ba a buƙatar wannan uban muƙamuƙi.

Mushe_Lise: Hajiya, kayan dutse mafi tsufa da aka sani na Lomekwi ne a Kenya, shekara miliyan 3.3. Wuta kuwa shaidarta mai ƙarfi a kogon Wonderwerk na Afirka ta Kudu ta kai wajen miliyan 1, kenan an daɗe ana yanka da dandaƙa kafin a fara dafawa. A 2016 masu bincike biyu a Harvard, Katherine Zink da Daniel Lieberman, suka sa mutane tauna ɗanyen naman akuya da saiwoyi, an manna masu wayoyi a kumatu ana auna aikin tsoka. Ɗanyen naman in ba a yanka ba, a tauna a tauna yana nan dunƙule. Suka lissafa cewa in sulusin abinci nama ne, ana yanka shi ƙanana ana kuma dandaƙa saiwa da dutse, yawan tauna zai ragu da kashi 17 cikin 100, ƙarfin da ake sawa ya ragu da kashi 26. Suna ganin ta nan reshen Homo, wanda masana ke saka mutum a cikinsa, ya samu damar ƙananan haƙora.

Manomi_Cadawa: Shi ya sa dakuwa ta fi busasshiyar aya sauƙin ci, tsoho marar haƙori ma shina sha'ani da ita.

Ɗan_Bagalam: Na karanta duka, na gode wa kowa. Inda na tsaya yanzu: na yarda lissafin na iya cewa wannan ƙashi zai ɗauki kaza, ba zai ɗauki kaza ba. Amma in an tambaye ni me ya ci, ni wajen Malama da Mushe zan je kafin in zo wajenka, Yaya Injiniya. Kabon ɗin ai abincin ne da kansa ya shiga haƙori.

Injiniya_SuraBildi: Ka je, amma kabon zai ce maka C4 ne ya yi shiru. Ganyen ciyawa C4, ƙwayarta C4, aya C4, har naman dabbar da ta ci ciyawa da garar da ta ci ta suna ɗauke da alamar. Wanne daga ciki? Dole ka dawo ka tambayi siffar haƙori da muƙamuƙi. Turamen nan a shafe suke, ba su da kaifin yanka ganye irin na masu kiwo.

Alhaji_Maradawa: Ni har yanzu shekarun nan ne ban gane yadda ake ƙirga su ba. Mushe, wata rana ka buɗe mana wannan babin daban, da hujjojinsa.

Ɗalibar_Agro: Yaya Injiniya, tunda kuna da injin fasa kankare a labo, me zai hana mu gwada ayar kanta? Ɗanya, busasshiya, da ta daji, mu ga nauyin da kowace ke fashewa a kansa, mu kwatanta da ƙwallon aduwa da na magarya.

Injiniya_SuraBildi: Injinmu ya yi girma, an yi shi don tan-tan, allurarsa ba za ta ko motsa a kan ƙwayar aya ba. Sai dai ƙaramin da ake gwada ƙasa da shi, mai zoben auna nauyi, wannan zai iya. Kuma fashewa ɗaya ba ta isa ba, tunda Baba Manomi ya ce wahalar a maimaita tauna take, sai mun san yadda za mu auna wannan ɗin.

Manomi_Cadawa: Busasshiya akwai ta a buhu yanzu haka, in aiko da tiya guda ranar kasuwa. Ɗanya sai kaka. Ta daji kuwa ku sa yara su tono maku a bakin Gulbi, amma kada ku wanke ta, da ƙasarta za ku gwada.